Maskara a Hanyar Galadi

Allah bai ba ni gashin ido ba. Ya ba ni tsawo, ya ba ni baki har da gyara, amma gashin ido sai ɗan abin da ba a rasa ba, gajere, tsilli-tsilli, irin geron da aka shuka ruwa ya ɗauke. Ban taɓa sa abin a raina ba sai da aure ya kawo ni Kaura daga Galadi, na haɗu da ƙanwar mijina. Ɗaliba ce a Foli, babbar makarantar nan ta garin, kuma jakarta kanti ce: hoda, janbaki, jagira, turare, duk tana sayar wa 'yan ajinsu da matan unguwa. Tsakanina da ita wasa ne irin na matar wa da ƙanwar miji, ba ta raga mini, ni ma ba na raga mata.

"Matar Yaya," in ji ta, "ke kam in kin ƙyafta ido ba mai sani. Sai dai ki ba da labari."

Na ce ta je ta ji da goshinta.

Ita ta kawo mini maskarar, wata sabuwa da ta ce ba a daɗe da shigo da ita ba. Baƙar kwalba ce siririya, da ta zare murfin sai ga ɗan burushi mai kauri, ya sha baƙi yana sheƙi. Ta ce wannan ba irin ta da ba ce mai tsawaita gashi kawai, cika shi take yi, kowane sili ya yi kauri ya miƙe. Ta ce ko kuka na yi, ko ruwan sama ya dake ni, ba za ta motsa ba. Na ce to alwala fa? Abin da ruwa ba ya ratsawa ba zan tsaya salla da shi ina tantama ba. Ta ce in jira kwanakin da nake hutun salla, yadda muke yi da jan farce. Na jefa kwalbar cikin kwanon da nake ajiye 'yan kunne, na yi kamar ban damu ba, alhali kullum sai na buɗe kwanon na leƙa ta.

Ranar ta faɗo jajibirin kasuwar Shinkafi, damina ta yi nisa, dawa ta fi mutum tsawo. Maigidan ya yi sammako zuwa Kasuwar Daji awon hatsi, yara sun tafi makaranta. Na fara sharar tsakar gida na jingine tsintsiya a rabi. Na ɗora ruwan zafi na manta da shi. Ƙarshe dai na zauna bakin gado da madubi a cinya, na buɗe ido, bakina ma ya buɗe kansa ban sa shi ba. Shafawar farko burushin ya tsokane mini ido, na zagi ƙanwar mijina da wanda ya ƙera abin. Na goge, na sake. A karo na biyu ta zauna daidai. Na bari ta bushe na ƙara, na bari ta bushe na sake ƙarawa, don ni ban san a yi abu kaɗan ba. Inda gashin ya manne da juna na sa bakin allura na raba shi a hankali.

Na ɗaga madubin na duba. Wallahi na yi kyau, ba zan yi ƙarya don kunya ba. Idona ya buɗe, ya yi zurfi, in na ƙyafta har inuwar gashin nake gani tana sauka tana hawa. Akwai ɗan nauyi a fatar idon, irin na mai jin barci. Na tashi na je bakin taga na duba, na fita tsakar gida na duba cikin hasken rana, na leƙa randa na ga kaina a ruwa. Ba kowa a gidan da zan nuna wa sai kaji. Na ɗauki hoto na tura wa ƙanwar mijina, na rubuta mata cewa yau in na ƙyafta har Foli za ta ji iska. Ba ta buɗe ba, tana aji.

Wayar tana hannuna kiran yayana ya shigo. Na san ba lafiya ba tun kafin in ɗauka, domin a Galadi sai mutum ya fita bayan gari ya hau tudu yake samun layi, ba wanda ke yin wannan tafiyar don gaisuwa.

"Ke, kina jina? Inna ta. Ciwon ƙirjin nan ya tashi, tun jiya ba ta ci komi ba. Mun ce mu kai ta Shinkafi, ta ce ba mai aza ta bisa babur. Gwaggo ta ce a kira ki. In kina son ki ishe ta da magana, ki taho yau. Kada ki ce gobe."

Na ce yaya numfashinta, na ce tana gane mutane, amma layin ya riga ya yanke.

Na kira maigidan, ya ce in tafi, shi zai biyo baya in ya sauke kaya. Na leƙa ta katanga na bar wa maƙwabciyata amanar yara. Sannan na jawo buhun kayan hanya daga ƙarƙashin gado.

Duk macen da take da dangi a arewa da Kaura tana da irin wannan buhun. Tun da hanya ta lalace, mutanen daji suka fara tare motoci suna zaɓen wanda za su tafi da shi, muka koyi shiga ta daban. Nawa buhun yana da hijabi ruwan toka da ya koɗe ya koma kalar ƙasa, da tsohon zane mai faci, da silifas ɗin roba da aka ɗinke maɗaurinsa, da 'yar ƙaramar waya mai madannai. Babbar waya a gida ake barin ta. A cire 'yan kunne, a cire zobe, kada a shafa mai, kada a sa turare. In akwai tafiya a gaba ba a yin lalle. Ana cewa har tafin hannu da diddige suke dubawa, su gane wadda ke aikin gona da wadda ke zaune ƙarƙashin fanka. Ni dai ban gani ba, ban kuma fatan gani, amma kafin in fita nakan taka toka.

Na sa kayan cikin sauri, na ɗebo ruwa a buta na wanke fuska. Na ɗaga madubi. Maskara na nan.

Na sa sabulun wanka na cuɗa. Tana nan. Na sa sabulun wanki, ya shiga idona, na yi ta tsalle a bakin rariya ina salati. Da na iya buɗe ido na duba, farin idon ya yi ja, fatar ta kumbura, gashin kuwa yana tsaye ƙyam, baƙi wuluk, kamar yanzu na shafa. Ruwan zafin da na manta a murhu ya kusa ƙonewa, na surka sauran na jiƙa tsumma na dirza. Sili biyu suka fita da saiwarsu, na tsorata na bari. Na kira ƙanwar mijina, wayarta a kashe. Na sake kira, a kashe. Sai daga baya, bayan komai ya wuce, take gaya mini ɗigon man gyaɗa a auduga ya isa ya ɗauke ta tas. Ga man gyaɗa cike da kwalba a ɗakin girkina, na wuce ta gabansa ya fi a ƙirga ina neman abin da zan goge ido.

Rana tana hawa. Motocin Shinkafi da safe suke tashi, a jere, kowace tana ganin bayan 'yar'uwarta, kuma in azahar ta gota ba direban da zai ɗauki hanya. Na ja hijabin har gira, na kulle gida, na tare keke napep zuwa tasha.

Mota ɗaya ta rage, ƙarama, an ɗaure mata kaya a baya har murfin bai rufu ba. Saura mutum ɗaya. Na ce alhamdulillahi, na sunkuya zan shiga kujerar baya inda mata suke. Wata ƙatuwar mace mai rungume da ɗaurin robobi a cinya ta ɗago ta dube ni, ta sake dubana, sai ta sa hannu ta tokare ƙofa.

"Direba, wagga da mu za ta?"

Direban ya ce e, ita ta cika mota.

"Dibi idonta. Ta yi shigar hanya daga wuya zuwa ƙasa, ta bar muna ido na biki. In anka tare mu, cewa za su yi motar masu kuɗɗi ta. Ba ita ɗai za su ɗauka ba."

Ni kuwa dama a wuya nake. Na ce, "Baiwar Allah, tsuntsun da ya ja ruwa ai shi ruwa kan doka. Mi naki ciki?"

Ta ce, "Ga hanyag ga ruwa ba ya zaɓen tsuntsu."

Gaskiya ta faɗa, shi ya ƙara ba ni haushi. Direban ya zagayo, mutum ne mai furfura a gemu, ya kalle ni sau ɗaya ya kawar da kai. Ya ce in yi haƙuri in je famfo in wanke, zai jira ni. Na ce na wanke. Ya ce da sabulu. Na ce da sabulu iri biyu. Wani fasinja a gaba ya juyo ya ce a gwada kananzir, yana cire fenti. Na ce masa idona ne, ba risho ba. Masu sayar da rake da ruwan leda suka fara taruwa, kowa yana leƙen fuskata, kowa da nasa maganin. Na hangi wani mutum da jaka a kafaɗa yana nufo motar, na san in ya iso kujerar ta zama tasa.

Nan kuka ya ƙwace mini, a tsakiyar tasha, ni da ko a gidan mutuwa sai na shiga ɗaki nake yi. Hawaye suna zuba har haɓa.

"Kun gani ko," in ji mai robobi, "ko hawaye ba su taɓa ta."

Na ce, "Uwata ta ba lahiya a Galadi. An ce in ban zo yau ba, ba ni ishe ta. Da sahe nis sa abin ga, ban san za a kira ni ba."

Mai robobi ta sauke hannunta daga ƙofar, amma ba ta matsa ba. Can ƙuryar kujerar akwai wata tsohuwa 'yar firit da ban lura da ita ba, sanye da wani ƙaton baƙin tabarau irin wanda asibiti ke bayarwa. An yi mata aikin yanar ido ne a Gusau, ɗanta yana mayar da ita gida, shi ne a gaba, mai maganar kananzir. Ta sa hannu biyu ta zare tabarau ɗin ta miƙo ta kan cinyar mai robobi.

"Amshi, ɗiyata. Sa wanga. Duk wanda yat tambaya ki ce afolo kike yi."

Ɗanta ya ce, "Inna, likita ya ce kada rana ta taɓa idon."

Ta ce, "Likita na cikin motag ga?"

Na sa. Ya rufe mini rabin fuska, yana warin man zafi, gilashin duk ya karce. Direba ya ce bismillah, ku shiga mu tafi. Abin dariya, mai robobi da ta san sarai ba wani afolo da nake yi, ciwon jan idon nan da ake ɗauka, sai da ta ja jikinta ta manne da tsohuwar, ta bar mini fili har ina iya motsa gwiwa.

Muka fita gari ta gefen tashar jirgin ƙasa. Cikin tabarau ɗin duniya ta koma magariba, ga shi hantsi bai daɗe da wucewa ba. Zufa tana taruwa a ƙarƙashinsa, idona yana ƙaiƙayi saboda sabulu, gashin da ya yi tsawo yana gogar gilashin duk sa'ad da na ƙyafta, ina jin ɗan sautinsa. Ba halin sosawa. Na zaro ƙaramar waya na duba, na mayar, na sake zarowa. In ta yi ƙara tsoro, in ta yi shiru tsoro. Ƙafata ta ƙi tsayawa wuri ɗaya, sai da mai robobi ta dafa mini gwiwa ta ce in bari, ina girgiza mata kaya.

Da farko ana ɗan hira, kukan tsadar taki, labarin wanda ya aurar da 'ya. Muna shiga ƙasar Zurmi hirar ta mutu da kanta. Direba ya kashe rediyo ya sauke gilashi don ya riƙa jin waje. Dawa ta rufe hanya dama da hagu, kore shar, abin da da in mun gani muke cewa bana an gode Allah, yanzu kuwa ba mai son ganin tsawonta a bakin titi. Kowa leɓensa na motsi. Ni da nake hutun salla na kama hasbunallahu na yi ta ja, in na tsaya sai fuskar Inna ta faɗo mini, sai in koma farko.

Gaba da kwanar Moriki direban ya rage gudu, ya gangara gefen wani ƙauye ya kashe mota. Motocin da suka riga mu duk suna nan a fake ƙarƙashin itatuwa. Ba wanda ya tambayi dalili, mun sani. Direbobin hanyar nan motar da ke zuwa daga gaba suke karantawa. In aka jima ba a yi kiciɓis da ko babur ba, to akwai abin da ya tsare su, sai a tsaya a jira.

Ban taɓa sanin jira yana da ciwo irin na ranar ba. Na zauna a saiwar itace, na tashi. Na je bakin titi na leƙa arewa, ba komai sai kwalta da tururin zafi. Na dawo. Na je wurin direba na ce ko akwai wata hanya ta cikin gonaki, ya ce akwai, ita ce ma ta mutanen daji. Na ɗaga waya sama ina zagaye neman layi, yaran ƙauyen suna bina a baya suna cewa ga makauniya mai waya. Aka kira azahar, maza suka tafi masallaci, mata suka shimfiɗa gyale a gindin itace. Ni ko wannan sauƙin ban samu ba, da na yi sujada ko zuciyata ta sauka. Ina tsaye ina lissafin rana: in mun tashi yanzu, in mun isa Shinkafi, in na sami babur. Kowane lissafi sai ya ƙare a ƙofar gidanmu, ina ganin an shimfiɗa tabarmi maza sun zauna.

Mai robobi ta idar da salla ta sayo hura a ƙwarya, ta zo ta dangwara mini a gaba.

"Sha. Ba ki iya jinya da yunwa."

Na ce na ƙoshi. Ta ce in sha ko ta ɗura mini. Ina sha tana kallon titi, can ta ce, ba tare da ta dube ni ba, ƙanwarta lalle ta yi na sunan ɗan maƙwabta, ja ɗan kaɗan a yatsu. Da aka tare su a hanya, cikin mota guda ita kaɗai aka ce ta sauko. Ta dawo daga baya, bayan an sayar da abin da aka sayar an biya kuɗin fansa, amma har yau in babur ya wuce ƙofar gida sai ta shige ƙarƙashin gado.

"Shi ya sa," in ji ta. "Ba ƙinki nike ba."

Na ce na sani. Na so in ba ta haƙuri a kan maganar tsuntsu, amma sai na miƙa mata sauran hurar.

Rana ta fara karkata sa'ad da wata babbar mota mai ɗauke da shanu ta ɓullo daga arewa tana kunna fitila tana kashewa. Kafin ta iso kowa ya ruga motarsa. Direbanmu ya taka ta yadda ban san tsohuwar motar tana iyawa ba. A wani wuri mun wuce takalmi ɗaya a tsakiyar titi da buhun da ya fashe, gero ya watse, awaki suna ci. Na mayar da kaina gaba.

A tashar Shinkafi na zare tabarau ɗin zan mayar wa mai shi. Sai a lokacin na dube ta da kyau. Ashe tun daga Kaura ta naɗe gefen mayafinta ta danne idon da aka yi wa aiki, hannunta bai sauka ba duk tsawon hanya da zaman jira. Mayafin ya jiƙe da ruwan ido. Kunya ta kama ni, na durƙusa ina godiya ina neman gafara.

"Tashi, tashi," ta ce. "Tahi ki ga uwarki. Allah shi sa ki ishe ta."

Mai kabu-kabun da yayana ya turo yana jira tun azahar, ɗan unguwarmu ne, tare muka yi makarantar allo da yayarsa. Ya gaishe ni, ya kalli fuskata da ba tabarau yanzu, ya yi saurin kallon tankin babur.

"Yaya, ja hijabin ki ruhe har hanci, ki duƙe kai. In nac ce sauka, ki sauka ki bi ni cikin dawa, kada ki tambaye ni komi."

Haka na yi sauran tafiyar, a makance. Abin da nake gani kawai ƙasa ce tana gudu ƙarƙashin silifas ɗina, ja, sannan yashi, sannan taɓo inda ya ce in ɗaga ƙafa. Kunnena ne ya zama ido. Duk ƙarar da na ji sai in ce wani babur ne a bayanmu, sai in gane tamu ce take dawowa daga cikin gonaki. Sau ɗaya ya tsaya cak ya kashe inji, muka yi shiru, ina jin bugun zuciyata har cikin haƙora. Can ya tayar muka ci gaba.

Da na ji warin hayaƙin kara da kukan jakuna na san mun shigo gari. Na ɗaga hijabin tun kafin mu sha kwanar gidanmu, na kafa ido a ƙofar. Ba tabarmi. Ba maza. Akuya ce kawai ɗaure a turke tana tuƙa. Na sauka daga babur ɗin na shige gida.

Gwaggo, ƙanwar babanmu, tana bakin ɗaki da mafici. Ta ce, "Kin zo? Shiga, tun sahe take tambaya."

Ɗakin da duhu, sai hasken ƙofa. An jingina Inna da filo biyu don ba ta iya kwanciya sosai, numfashinta yana fita da ƙyar. Ta rame, ƙafafun kuma sun kumbura. Na durƙusa gaban gadon na ce Inna ga ni. Ta buɗe ido a hankali.

"Matso ga haske in gane ki."

Na matsa. Ta daɗe tana kallona. Ta ɗago hannu, yatsunta sanyi ƙalau, ta taɓa gefen idona.

"Mi na wanga?"

Kunya ta rufe ni. Uwarki tana wannan hali ki zo mata da idon biki. Na fara bayani ina haɗa magana, cewa da safe ne, ban sani ba, na wanke ya ƙi fita, ta yafe mini. Ba ta saurare ni ba. Ta juya kai wajen ƙofa.

"Kin gani ko?" ta ce wa Gwaggo. "Kwalliya take yi. Ashe tana kwalliya."

Gwaggo ta ce, "Ai na hwaɗa miki."

Inna ta huta, ta tara numfashi. "Shekarun ga duka kina zo min da tsumma. Takalmi ɗinke. Ba ɗan kunne, hannu ba lalle, jiki ba mai. Na ce yarinyag ga wahala take sha gidan miji tana ɓoye min."

Na ce, "Inna, kayan hanya na hwa. Kowa haka yake yi. Ai na sha hwaɗa miki."

"Haka kike cewa. Wadda ba ta da shi ma haka za ta ce."

"To mi ya hana ki tambaye ni?"

"In na tambaya kika ce e, ina zan kai ki? Nan?"

Na kifa kaina a gefen gadon na yi kuka mai sauti. Tun da hanya ta ɓaci ba ta taka Kaura ba, ba ta ga ɗakina ba, ba ta taɓa ganina cikin kayan kirki ba, ni kuma ban taɓa tsayawa na dubi kaina da idonta ba. Ta bar ni na yi mai isata, hannunta a kaina. Sannan ta ce in ɗago, in gaya mata abin da nake da shi.

Abin da aka hana mu tun muna yara, yabon kai da lissafa dukiya, shi na zauna ina yi a gaban gadon uwata. Na ce ina da atamfa cike da akwati, akwai waɗanda ban ɗinka ba. Ina da leshi mai ruwan zuma da ya saya mini da salla. Ina da gado mai madubi, da firji, da keken ɗinki. Muna cin nama ran kasuwa, yara suna shan shayi da madara kafin makaranta. Bai taɓa ɗaga mini hannu ba, ni ce ma nake ɗaga masa murya. Nan ta yi ɗan murmushi, idonta a rufe.

"Sai mi?"

Na ce ina da 'yan kunne na zinariya, ƙanana dai, amma na gaske.

"Sai mi?"

Na ce tukwane, da labule, da kaji.

"Sai mi kuma?"

Kayana suka ƙare, ba ta daina tambaya ba. Na koma kan atamfa na sake farawa, ina yi ina kallon ƙirjinta yana hawa yana sauka, har barci ya ɗauke ta hannunta cikin nawa. Washegari da hantsi ta cika.